Baka da Kibiya a Tsakar Gida: Harbi a Matsayin Wasan Miji da Mata a Karkarar Arewacin Kano



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani tsohon makami na Hausawa, watau baka da kibiya, mu ga ko yana da sauran aiki a zamanin nan, in kuwa yana da shi, a ina zai yi shi. Na san wasu za su yi mamakin ganin an gama harbi da zaman aure a take guda, domin kuwa a al'adarmu kwari da baka kayan maza ne, kayan daji da fagen fama, ita kuwa mace a tsakar gida aka san ta. To, abin da nake so in bayyana shi ne, a ƙasar da na zaɓa in yi magana a kanta, fagen fama ya tashi, daji kuma ya ƙare, saboda haka in dai baka zai rayu, tsakar gidan nan ce kaɗai ta rage masa. Tsakar gida kuwa, kowa ya sani, mulkin uwargida ne. Ke nan duk magidancin da yake son wannan fasaha ta kakanninsa ta kai ga jikokinsa, tilas ne ya san yadda zai sa matarsa ta so ta.

Zan fara da bayanin ƙasar, sa'an nan aikin da baka ya yi a da, da yadda ya rasa shi. Daga nan in duba dangantakar mace da baka a al'ada da addini da wasu ƙasashe, kana in zo kan hanyoyin da magidanci zai bi da abubuwan da zai kiyaye.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ko ta hanyar Katsina ko ta hanyar Daura, ya ratsa ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Bichi, ko Minjibir da Makoɗa da Ɗambatta, da wuya ya ga abin da za a kira daji. Gona ce ta jingina da gona, an raba su da shingen aguwa ko layin gamba, gidaje kuma a warwatse cikin gonakin. Itatuwan da ke tsaye, gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya da kanya, kowanne da mai shi. Tun zamanin da, jakuna suke kai itace birni su komo da taki, shi ya sa ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ɗan sauran da ake bari ma aka shiga nome shi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson sun buga nazarinsu a kan wannan yanki a 1965, kuma tun daga lokacin masana suke kafa misali da karkarar Kano in ana zancen ƙasar da jama'a suka yi yawa amma noma bai gaza ba.

Wannan cunkoso ya haifar da abu biyu da suka shafi batunmu. Na farko, naman daji ya ƙaura. Ban da zomo da kurege da gafiya da 'yan tsuntsaye, ba abin da maharbi zai ɗana wa kibiya. Na biyu, duk kibiyar da ta kuskure abin da aka auna, a gonar wani za ta faɗi, ko a kan turbar da yara suke bi. Sai mu riƙe waɗannan abubuwa biyu, za mu komo kansu.

Aikin Baka a Zamanin Da

Bakan Hausa itace ne guda, mai tauri mai lanƙwasa, ana ɗaura masa tsirkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Kibiya kuwa, jikinta na kyauro ne, kanta na ƙarfe, maƙeri ya fitar mata da kunnuwa don kada ta zaru in ta shiga. Galibi ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda Turawa da Turkawa suke yi, don haka ba ta cin dogon zango a miƙe. Ƙarfinta yana ga dafi. Babban abin da ake haɗa dafin da shi kwankwani ne, wani tsiro mai yaɗo wanda 'ya'yansa suke tsai da bugun zuciya, har likitocin Turai suka tace maganin ciwon zuciya daga danginsa. Da wannan dafi, ƙwarzane kaɗan ya isa ya kā da doki.

A yaƙin da, dawakai na sarakuna ne da barade, baka kuwa na talaka ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidin nan kuwa, audugar da aka cusa a cikinsa kibiya aka yi ta ta tare, watau ke nan tsoron ɗan baka ne ya tufatar da doki. Duk da haka lifidi bai hana baka cin yaƙi ba. Ranar 21 ga Yuni 1804, a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙarƙashin Malam Abdullahi, ba su da dawakin da suka wuce kamar ashirin, akasarinsu 'yan baka ne a ƙasa, amma suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. A nan ƙasar Kano ma, a Ɗanyaya da ke arewa da birni aka yi karon da ya karya ƙarfin Sarki Alwali, wajen 1807. Har zuwan Turawa baka bai ajiye aiki ba. A Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban rundunar Ingila.

Aikinsa na biyu farauta ce. Har yau shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da kuwa bindiga ce a kafaɗarsa. Harshen Hausa ma ya adana wannan tarihi. Mukan ce mutum ya yi kuskure, alhali asalin kuskure kibiya ce ta wuce abin da aka auna. Mukan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Jaki ya yi harbi, kunama ta yi harbi, cuta ta harbi mutum, bindiga ma da ta zo aron kalmar ta yi. Ko abin da ke fitowa a sama bayan ruwa, bakan gizo muka kira shi.

Yadda Baka Ya Rasa Aikinsa

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci birnin Kano da igwa da bindiga mai ruwa, daga nan aikin baka na yaƙi ya ƙare. Aikin farauta kuwa a hankali ya mutu, gona tana cin daji, bindigar toka tana maye gurbin kwari, hukuma kuma tana kafa dokokin kare namun daji, kamar dokar Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985. Mafaraucin Kano na wannan zamani sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu daji, tafiyar kuwa ba ta rasa haɗari. Ba mu manta ba, a watan Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a garin Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne 'yan arewa, akasarinsu mutanen Kano, suna kan hanyar komowa gida salla. A cikin birni kuma sunan farauta ya gauraya da na daba, har iyaye suna ƙyamar ɗansu ya kusance ta.

Abin da ya rage a ƙauyukanmu shi ne tsohon kwari rataye a zaure, da 'yan tsofaffi ƙalilan da suka san icen da ake sara da lokacin da ake yankan kyauro, da maƙeran da suka ga iyayensu suna ƙera kan kibiya. Wannan ilimi a ka yake, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Fasahar hannu kuwa ba ta zama a gidan tarihi, sai an yi ta take rayuwa. Ke nan sai an samar wa baka aiki na uku, wanda ba ya bukatar abokin gaba ko naman daji, watau bara, auna abu a harbe shi don gwaninta da nishaɗi.

Mace da Baka a Al'adar Hausa

Za a ce mace ba ta san baka ba. Wannan magana tana bukatar gyara. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne cinikin tufafi, waɗanda ake kai su har Tambutu da ƙetaren Sahara. Zaren da masaƙan Minjibir da sauran garuruwa suke saƙawa, mata ne suke kaɗa shi. Kafin kaɗi kuwa sai an gurje auduga an fid da angurya, sa'an nan a shiɓe ta. Da me ake shiɓa? Da bakan shiɓa, ɗan ƙaramin baka mai tsirkiya, mace ta riƙe shi da hannu ɗaya tana fizgar tsirkiyar da ɗaya hannun har audugar ta tashi. Watau ke nan kakanninmu mata sun shekara ɗaruruwa da baka a hannu, kuma arzikin Kano a kan wannan baka ya tsaya. Haka nan ɗan ƙarfen da mata suke tsifa da tsaga kitso da shi, kibiya suke ce masa. Ashe sunayen nan biyu sun daɗe a ɗakin mace.

Ta wajen ƙarfi ma, jan baka aikin kafaɗa ne da gadon baya, watau gaɓoɓin da taɓarya da guga suke ginawa. Macen da ta tashi da daka da surfe ta fi ma'aikacin ofis da yawa shirin jan tsirkiya. Ta wajen zuciya kuwa, tarihi ya san Amina ta Zazzau, ya kuma san Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda 'yan bakanta suka tari rundunar Faransawa a 1899. A zamaninmu, daga wajen 2017, jaridun duniya sun ba da labarin A'isha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa, wadda ta jagoranci maharba maza wajen fafatawa da 'yan Boko Haram.

Abin da ya shiga tsakanin mace da bakan harbi camfi ne. Maharba suna ganin makaminsu yana da asiri, in mace ta taɓa shi ko ta tsallake shi asirin ya karye. To, bakan wasa ba shi da laya ba shi da dafi, saboda haka babu abin da zai karye.

Matsayin Addini

A nan ne hujja ta fi ƙarfi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin Uƙbatu ɗan Amir, wanda a cikinsa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya keɓe wasanni uku ya fid da su daga cikin wasan banza: harbi da baka, da horar da doki, da wasan mutum da iyalinsa. Sai mu lura, biyu daga cikin ukun nan su ne batun wannan lacca, wanda ya gama su kuwa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. An kuma ruwaito cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, masu tarihi sun ambaci Ummu Umara tana kare Manzo da takobi da baka. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo halaccin gasar harbi a babukansa na ƙarshe. Bugu da ƙari, wannan wasa ne da mace za ta yi a cikin gidanta, da suturarta, ba cuɗanya da kowa, don haka bai ci karo da kulle ba.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ba mu kaɗai ne bindiga ta karɓe wa aikin baka ba. Turkawa sun farfaɗo da nasu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2019. A bikin Nadam na ƙasar Mongoliya maza da mata duk suna harbi, sai dai zangon mata ya ɗan fi gajarta. A wasannin Olamfik, harbi yana cikin wasannin farko da aka buɗe wa mata, tun 1904. A yau maza da mata zango ɗaya suke tsayawa, mita 70, abin barar kuwa faɗinsa santimita 122 ne. Matan Koriya ta Kudu sun ci zinariyar ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Zahra Nemati ta ƙasar Iran, da lulluɓinta, a kan keken guragu, ta ci zinariya a gasar naƙasassu ta 2012 da ta 2016 da kuma ta Tokiyo. A Tokiyon ne, a 2021, aka fara sa gasar da ake haɗa namiji ɗaya da mace ɗaya su zama ƙungiya cikin wasannin Olamfik. A wannan shekara kuma Atanu Das da matarsa Deepika Kumari, 'yan ƙasar Indiya, suka ci zinariyar irin wannan gasa a zagayen kofin duniya da aka yi a Faris. Darasin da ke ciki shi ne, harbi wasa ne na natsuwa da daidaita numfashi, ƙarfin tuwo kaɗan yake bukata, shi ya sa mace takan kamo namiji a cikinsa, har ta wuce shi.

Me Ya Sa Sai da Uwargida?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin magidantanmu ba su da wani abin da suke yi tare da matansu don nishaɗi kawai. Maigida ya dawo daga ofis ko gona, ya ci abinci, ya fita majalisa sai dare. Zancen da ke tsakaninsu bai wuce cefane da kuɗin makaranta da rashin lafiyar yaro ba. Yawan mutuwar aure a Kano ya kai har gwamnatin jiha, ta hannun Hukumar Hisba, ta fara aurar da zawarawa a 2012. Ɗaura aure abu ne mai sauƙi, riƙonsa shi ne aiki, kuma ba na cewa baka zai gyara auren da rashin adalci ya ɓata. Amma mutum biyu da suke da abin dariya tare, da abin yi wa juna gori, sun fi kusa da sulhu ranar da aka saɓa. Har ila yau, matar ma'aikaci da injin niƙa da famfo suka hutar, jikinta yana bukatar motsi, ga hawan jini da ciwon sukari sun yawaita. Daɗin daɗawa, yara a hannun uwa suke tashi. Abin da uwa ta ɗauka wasan banza ne, ko abin tsoro, ba zai shiga zuciyar ɗanta ba.

Hanyoyin da Magidanci Zai Bi

Na farko, kada ya mai da abin umarni. In maigida ya ce, "Daga yau za ki koyi harbi," za ta bi don biyayya, amma ranar da ya yi tafiya an gama. Gara ya kafa abin bararsa a inda take ganinsa, ya yi ta harbinsa da la'asar sakaliya, ya bar ta ta yi masa dariya in ya kuskure. Ran da ta ce, "Malam, ashe abin nan wuya gare shi?" sai ya ce, "Bismilla, gwada ki gani." Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, ya ba ta hannu a cikin kayan tun kafin ta ja tsirkiya. Faifan da matanmu suke saƙawa, da zagayensa na launi iri iri, ba shi da bambanci da abin barar da ake amfani da shi a gasar duniya. In ita ta saƙa faifan, ta zaɓi launin tsakiya, ta ɗinka buhun da za a cusa wa ƙaiƙayi a jingina shi a kai, wasan ya zama nata tun ba ta fara ba.

Na uku, ya sa a yi mata bakanta. Babban abin da ke korar sabon shiga shi ne a miƙa masa bakan da ya fi ƙarfinsa. Bakan da nauyin jansa bai wuce kilo 7 zuwa 9 ba ya isa mai koyo. Ma'auninsa kuwa shi ne ta ja shi sau goma, kowane ja ta riƙe ta ƙirga biyar, hannunta bai yi rawa ba. Baduku ya yi mata 'yar fata ta ɗaura a damtsen hannun da ke riƙe da baka, da wata ta yatsu, domin dukan tsirkiya sau ɗaya ya isa ya sa mutum ya rantse ba zai ƙara ba. Ta tuɓe awarwaro, ta ɗaure mayafi ta baya. A kuma gwada idonta: ta nuna wani abu da yatsa idanu biyu a buɗe, sa'an nan ta rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai kauce ba in an duba da shi, ta wannan ɓangaren za ta ja tsirkiya.

Na huɗu, a fara kusa. Mita 5 ta isa ranar farko, don kibiyar farko ta samu faifai, domin daɗin samu shi ke kawo sha'awa. In hannu ya faɗa a koma mita 10. Gasar cikin ɗaki ta duniya ma mita 18 ce kawai, tsawon da gidajen karkara da yawa suke da shi.

Na biyar, kuma shi ya fi wuya ga irinmu malamai da ma'aikata, maigida ya rage gyara. Gyara ɗaya a yini ya isa. Macen da ta sha aikin gida tun asuba ba ta zo tsakar gida don a buɗe mata wata makaranta ba. In da hali, gara wani tsoho daga cikin muharramanta, kakanta ko kawunta da ya san baka, ya nuna musu su biyu, su zama ɗalibai tare. In kuma ta fi shi, to, ya tuna tseren Nana A'isha, ya yi murna a fili. Namijin da ba ya jure matarsa ta ci shi a wasa, gara kada ya fara.

Na shida, ya duba lokacinta da mutanen gidan. Rani ne lokacin wannan wasa, bayan an kai amfanin gona rumbu. Rabin sa'a ya isa, kuma kada ya zo daidai da ɗora tukunya. Mai mace fiye da ɗaya ya sani baka ma yana shiga rabon adalci: ko kowacce da ranarta, ko a yi gaba ɗaya, kada ya zama amarya ce kaɗai ake wasa da ita. Mahaifiyarsa kuma, in tana gidan, ita za a fara gaya wa, a kawo mata hadisin, a tuna mata bakan shiɓarta. In Hajiya ta sa albarka, bakin 'yan gulma ya mutu.

Wani lokaci kuma matar ce mai sha'awa, musamman cikin ɗalibanmu mata da suka ga wasan a talabijin. Ita ma dabarar ɗaya ce, sai dai ta fi sauƙi. Ta tambaye shi labarin kwarin kakansa da ke rataye a zaure, ta ce tana so yara su gani. Da wuya Bahaushe ya ƙi nuna gwanintar gidansu.

Abubuwan Kiyayewa

Yanzu sai mu koma kan cunkoson da muka ambata. A ƙasar da gona ta jingina da gona, ba a harbi a fili. Da rani awaki da tumaki a sake suke, yara kuma ba su da turba guda. Abin bara sai a jingina shi da katangar ƙasa ko ta bulo mai tsawo. Danga da zana ba sa tare kibiya. Kada a harba sama, kada a ɗana kibiya alhali wani yana gaba, kada kuma a je ɗebo kibau sai kowa ya ajiye bakansa. Kibiyar wasa maƙeri zai yi mata kai mai dakushi, ba kunne. Kibau na gado kuwa, kada a taɓa su da sunan wasa, domin dafin kwankwani yakan daɗe bai mutu ba. A naɗe su a kulle inda yaro ba zai kai ba. Kada a saki tsirkiya ba kibiya a kanta, yin haka yana tsaga baka. In an gama a sassauta tsirkiyar, a rataye shi nesa da rana da damshi. A ƙarshe, saboda halin tsaro da ake ciki, ya kamata mai unguwa ko dagaci ya san abin da ake yi, kuma kada a riƙa yawo da kwari a kan hanya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga baka ya yi wa Bahaushe aiki biyu, yaƙi da farauta, kuma a karkarar arewacin Kano duka biyun sun ƙare. Mun ga al'ada ba ta raba mace da baka ba, addini ya yaba wa harbi ya kuma yaba wa wasa da iyali, wasu al'ummai kuma sun riga mu mai da makamin kakanninsu abin gasa tsakanin maza da mata. Shawarata ga ɗalibai ita ce, in kun je hutu ku nemi tsofaffin maharba da maƙera na garuruwanku, ku rubuta sunayen itatuwa da sassan kibiya da kirarin da suka sani, tun suna raye. Ga ma'aikata kuwa, musamman na ma'aikatun al'adu da wasanni da ƙananan hukumomi, ku duba yiwuwar sa gasar bara cikin bukukuwan salla da na makarantu, har da ɓangaren 'yan mata. Amma kafin hukuma ta motsa, kowane magidanci yana da katanga, uwargida kuma tana da faifai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da suka ga iyayensu biyu suna jan baka su ne za su riƙe shi gobe.